Hannun da Ba Ya Jin Wuta

A cikin adaidaita sahuna aka ƙulla maganar. Ina gaba, su biyu suna baya, a gindin dalbejiyar da ke bakin get ɗin wani kamfanin jima a Challawa. Oga Lawan, shugaban leburorin kamfanin, shi ya fara.

"Ashafa, shekararka nawa kana tsayuwar bakin get a nan?"

"Bana ta bakwai, Oga."

"Bakwai! Kullum a zaɓe ka ko a bar ka. To ga hanya. Matar da ke kawo wa yarana abinci ta koma garinsu. Ina son tuwo na mutum saba'in, ƙarfe ɗaya na rana, kafin masu aikin safe su tashi. Wata takwas, har Lahadi, don fata ba ta san Lahadi ba. Ka cika ba fashi, ni da hannuna zan kai sunanka ofis a ba ka katin dindindin. Ka yi fashin rana ɗaya, akwai mutum uku a layi."

"Na ɗauka, Oga."

"Wa zai dafa?"

"Iyalina."

"Tana da lafiya dai? Tuƙin mutum saba'in ba wasan yara ba ne."

Ashafa ya ce, "Garas take."

Suka yi musabaha. Oga Lawan ya taɓo kafaɗata ya ce, "Baba Ya'u, kai ne shaida, kuma kai za ka riƙa kawo kulolin." Na ce na ji. Na daɗe ina tuƙi, daga tirela har na sauko kan ƙafa uku, na san daɗin lodin da ba sai ka nema ba. Shi ya sa da Ashafa ya ce garas take, na dubi titi.

Gidan haya ɗaya muke a Panshekara. Ɗakina na bakin zaure, su suna ciki: Ashafa, da matarsa Mas'uda, da mahaifiyarsa Inna Mairama. Kowa a unguwa ya san Mas'uda da ɗinkin hula. Ƙuben da ya fito daga hannunta, ko a kasuwar Kurmi ba a raina shi. Abin da unguwa ba ta sani ba, ni na sani, don ni na yi ta kai ta asibiti duk wata har shekara guda: ta sha maganin kuturta. Ta shanye tsaf, aka sallame ta wata biyu kafin wannan ciniki. Ba abin da ya nuna a jikinta sai wani tabo fari-fari a damtse, da wani a kumatu, da gefen tafin hannunta na dama da ba ya ji sosai. Ranar sallama an ja mata kunne: ta kiyayi wuta, kada ta ɗauki abu mai zafi ba tsumma, kuma in ta ga wani canji ta dawo a ranar.

Aka kafa murhu biyu a tsakar gida. Daga sallar asuba Mas'uda take hura wuta. Tukunyar tuwon nan, yaro zai iya wanka a ciki, muciyar kuwa ta kusa kai mata kafaɗa. Inna tana kan tabarma tana ba da umarni, tana ɗanɗana miya.

A sati na biyu ina ɗaure kuloli na ga Mas'uda ta ɗage murfin tukunya da hannu tsirara, tururi na tashi, ko gezau ba ta yi ba. Inna ta tafa hannu.

"Malam Ya'u, ka ga ikon Allah? Hannun girki Allah ya ba yarinyar nan. Mu a zamaninmu sai mun naɗe tsumma uku."

Na ce, "Inna, ai an ce kada ta..."

"An ce, an ce. An kuma ce ta warke, ko ba a ce ba? Takardar tana ƙarƙashin katifa."

Kwana ashirin da ɗaya da fara aikin, abin ya taso. Tabon damtsenta da ya yi shekara a kwance ya kumbura, ya yi jawur yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Na kumatu ma ya tashi. Bayan hannunta ya cika kamar an hura. Da ta kama muciya ta juya sau biyu, sai ta saki wata ƙara, ta dafe gwiwar hannunta ta durƙusa. Ta ce ji take kamar an sa wayar lantarki tun daga gwiwar hannu har ƙaramin yatsa.

Ranar Inna ce ta ƙarasa tuƙin tana mita. Da na dawo daga kai abinci na tare Ashafa na ce gobe sai asibiti. Ya ce, "Baba, wa zai tuƙa?" Na ce uwarka ta tuƙa yau, ba ta mutu ba.

Malama Zuwaira ce ke duba masu wannan lalura a asibitin. Na shiga a matsayin uba. Tana ganin fuskar Mas'uda ta ajiye abin da take yi. Ta lalubi bayan gwiwar hannunta, ta ɗan danna, Mas'uda ta zabura har kujera ta motsa.

"Baba, kawo yatsanka ka ji. Ka ji wannan abu kamar igiya? Jijiya ce. Bai kamata ta yi wannan kaurin ba."

Ta sa Mas'uda ta rufe ido, ta riƙa taɓa tafin hannunta da bakin biro, tana cewa ta nuna inda aka taɓa. Wajen babban yatsa ta nuna daidai. Wajen ƙaramin yatsa da na kusa da shi, aka taɓa, aka sake taɓawa, tana zaune tana jira. Sai Malama ta yago 'yar takarda ta saka mata tsakanin yatsun nan biyu ta ce ta matse. Ta ja, takardar ta ɗan yi gardama sannan ta fito.

"Da sauran ƙarfi. Alhamdu lillahi, kun zo da wuri."

Aka tura mu ɗakin gwaji. Aka ɗan tsaga fatar kunnenta da gefen tabon aka shafa a gilashi, aka ɗebi jini, aka karɓi fitsari don a duba suga kafin a ba ta magani. Sai bayan azahar sakamako ya fito. A cikin jiran nan na je na kai tuwon Inna Challawa na dawo. Da muka koma wajen Malama, Mas'uda ta ce da ƙaramar murya, "Malama, ta dawo ko?"

"Ba ta dawo ba. An duba, ba a ga ƙwayar cuta mai rai ba, sai ɓaraguzan matattu. Kin san yadda ake yi? An gama yaƙi, an kashe abokan gaba, amma gawarwakinsu suna kwance cikin fata da jijiya, jiki bai gama kwashewa ba. Sai sojojin jikinki su farka su gan su, su zaci masu rai ne, su buɗe wuta. To a cikin gidanki suke harbin, jijiyarki ce ke shan harsashi. Yana faruwa ana cikin magani, yana faruwa bayan an gama. Ba kya shafa wa kowa. Amma in ba a kwantar da sojojin nan ba, jijiyar za ta mutu, yatsun su lanƙwashe."

Ta ba ta wasu ƙananan ƙwayoyi farare. Takwas kowace safiya bayan ta ci abinci, kwana goma sha huɗu, ta dawo a duba a rage, a yi ta ragewa sannu-sannu har wata biyar ko shida. Ta ce kada a tsallake rana, kada a tsayar farat ɗaya. Ta ɗauko wani farin ƙyalle ta rataye mata hannun a wuya.

"Ba tuƙi, ba daka, ba wuta. Baba, a gabanka na faɗa."

Na ce na ji. Ni dai ban da "na ji" ban san abin da na iya ba.

Kwana huɗu Mas'uda ta huta. Maganin nan kamar yankan wuƙa: kumburi ya saɓe, jan ya dushe, ta yi barci. Kwana huɗun nan kuma Inna ta tuƙa tuwo mai gudaji, rana ɗaya ma ɗanye. A ta huɗu Oga Lawan ya buɗe kula a gabana, ya lakato, ya murza a yatsa.

"Baba Ya'u, wannan tuwo ne ko siminti? Ka gaya wa Ashafa, abincin da yara suka zubar, fashi nake lissafa shi."

Da safe na shiga na tarar da Mas'uda a bakin murhu. Farin ƙyallen yana hannun Inna, ta naɗe shi tana jawo itace da shi.

Na ce, "Haba Inna!"

"Haba me? Dube ta. Ina kumburin? Yarinya ta samu sauƙi a ce ta zauna ta rataye hannu kamar wadda mota ta kaɗe? Maƙwabta na leƙowa suna tambaya. Me zan ce musu? Zama ma ai shi ke kawo ciwo."

Na dubi Mas'uda. Ta ce, "Ba komai, Baba. Da dama-dama."

Daga nan Inna ta gano wata dabara da ita kaɗai ta yaba wa kanta. Ta ce maganin da ƙwaya biyu ke tsayar da ciwo, almubazzaranci ne a sha takwas. Ta karɓe robar maganin ta saka a cikin kwallarta tare da daddawa da kanwa. Ranar da Mas'uda ta tashi tana iya ɗaga muciya, ba magani. Ranar da ciwo ya naɗe ta, sai a ba ta biyu ta kora da koko, a jira rabin awa, a miƙa mata muciya. Maganin kwana goma sha huɗu, Inna ta ja shi wata biyu, tana faɗa wa kowa a gidan cewa ita ta san tattali.

Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce. Asibitin da safe ake gani, tuwo ma da safe ake tuƙawa. Lambar Ashafa ce a katin asibitin, Malama Zuwaira ta kira shi sau uku. A na uku ina kusa na ji ya ce, "Ai ta tafi Jigawa wajen iyayenta, sai ta dawo."

Na ja shi zaure na zaunar da shi.

"Ashafa, hannun matarka ne fa."

"Baba, na sani. Wallahi na sani. Kana jin ba ya damuna? Amma dubi nan." Ya nuna mini ƙafafunsa, duk ruwan jima ya cinye tsakanin yatsun. "Shekara bakwai. Ran da na kwanta ciwo ba mai tambayata. In na samu katin nan, akwai asibitin kamfani, ita ma za a duba ta kyauta. Don wa nake yi? Ai don ita nake yi."

"Ka ɗauko mai taya ta mana."

"Wa? Mace ta shigo ta ga tabon nan, gobe duk Panshekara ta ji. Jibi Oga Lawan ya ji. Wa zai ci tuwon? Baba, wata shida ne ya rage. Ta daure, kowa ma daurewa yake."

"Likita ta ce..."

"Su suka ce ta warke, su suka ce kuma ta dawo. Wanne za mu kama?"

Ina da amsa. Ina kuma da adaidaita da mai a tanki da asibitin da na san hanyarsa ido rufe. Da na ce mata ta sako hijabi, da ta sako. Amma sai na tuna matar mutum ce, na tuna ba a shiga tsakanin harshe da haƙori, na tuna duk irin abin da dattijo ke tunawa in ba ya son lodinsa ya tsaya.

Wata ranar Asabar Malama Zuwaira ta zo da kanta, ba kayan aiki, hijabi kawai, don kada ta tona wa kowa asiri. Inna ta tare ta a ƙofar tsakar gida. Ga hayaƙi na tashi, ga ƙarar muciya na dukan tukunya.

"Ba ta nan, 'yar nan. Ta yi tafiya."

"Inna, wa ke tuƙi a ciki?"

"Aljanu ne. Ke wa ya aiko ki gidan mutane?"

Da Malama za ta fita ta gan ni ina goge gilashin adaidaita. Ta tsaya.

"Baba, a gabanka na faɗa."

Na ce, "Za a kawo ta, Malama, in sha Allahu." Ta dube ni irin duban da 'yar cikinka za ta yi maka in ta kama ka da ƙarya, ta wuce.

Maganin ya ƙare. Ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Mas'uda ta koma tuƙi da hannu biyu da ƙirji, tana cije bakin mayafi. Wani lokaci sai ta tsaya ta jingina goshi da muciya, hawaye na sauka, Inna ta ce, "Hayaƙi ne, matsa gefe." Kumatun ya sake tashi, idon wannan ɓangaren ya daina rufuwa duka, ko ta ƙifta sai ka ga farin. Hayaƙi ya samu ƙofa, idon ya yi ja ya zauna a haka.

Akwai wani ƙube da ta fara ɗinka wa mijinta tun ranar da aka ƙulla maganar, shuɗi da ruwan toka, wai shi zai sa a hoton katin dindindin. Da la'asar in ta gama wanke tukwane takan ɗauko shi. Na ga lokacin da take ɗinki da sauri, na ga lokacin da allura ta fara zamewa, na ga ranar da ta yi ta ƙoƙarin tsinto allurar daga kan tabarma, yatsun na wucewa ta kanta. Ta ɗago ta gan ni, ta yi 'yar dariya.

"Baba, allurar nan ta raina ni."

A wata na biyar, wata safiya, ta tashi ba ciwo. Ko ɗigo. Ta danna gwiwar hannun da kanta, shiru. Inna ta rangaɗa guɗa a tsakar gida.

"Ina masu cewa asibiti? Ga shi Allah ya yaye, ba allura ba layi!"

Har waina ta sa aka soya aka raba sadakar godiya. Na ci guda uku. Ashafa ya zo ya kama hannuna ya ce, "Baba, ka gani? Haƙuri ne kawai." Ni ma na ji sanyi a raina, don mai laifi ba abin da yake so kamar a ce masa ba a yi ɓarna ba.

Bayan kwana tara ina ɗaure kuloli na ji ƙauri, irin na layya in ana babbake ƙafa. Na waiga. Mas'uda ta dafa dutsen murhu da hannun dama tana gyara itace da hagu, tana ba Inna labarin tsadar kuka. Gefen hannun yana kan garwashi.

Na daka mata tsawa, na fizge ta. Ta dubi hannun kamar na wani. Fatar ta tashi fari, ƙaramin yatsan da na kusa da shi sun lanƙwashe ciki kamar ƙugiya, ban san tun yaushe ba, don kullum a naɗe suke da muciya. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Baba, ka riƙe ni ne?"

Ina riƙe da ita da hannu biyu.

Inna ta shafa mata man kaɗanya ta ɗaure da wani tsumma baƙi ƙirin. Sai da na duba da kyau na gane farin ƙyallen asibiti ne. Ƙarfe ɗaya saura kwata tuwo ya isa Challawa.

Wata takwas suka cika ba fashin rana ɗaya. Oga Lawan mutum ne mai alkawari, ya kai sunan. Aka ɗauki Ashafa hoto da wata hular kanti da ya saya a bakin titi. Washegari ya nemi izini a wurin aiki, izini na farko a rayuwarsa da ba za a ba wani gurbinsa ba, ya rataya katin a wuya, ya ce in kai su asibiti.

Malama Zuwaira ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta kwance tsumman, ta wanke gyambon, ta ɗauko biro. Ta taɓa, ta taɓa, ta taɓa, har ta kai tsakiyar tafi, Mas'uda na zaune ido rufe, ɗayan a buɗe rabi, tana jira a fara. Ta saka takarda tsakanin yatsun. Ba ta ma ja ba, takardar ta faɗi ƙasa da kanta.

"Yaushe ciwon ya daina?"

Ashafa ya yi saurin cewa, "Wata uku ke nan, Malama. Da kansa ya daina."

"Ranar ce jijiyar ta gama mutuwa. Mai rai ne ke kuka, Malam."

"To a ba ta maganin nan mana. Yanzu za ta sha daidai, ni zan tsaya a kai. Ko nawa ne..."

"Kyauta ne. Da ma kyauta ne. Idon za mu yi ƙoƙari a kansa, gyambon zai warke in ta bar wuta. Akwai aikin da ake yi a ɗan miƙar da yatsu, zan rubuta muku takarda. Amma jin da ya tafi, kada in yi muku ƙarya."

Mas'uda ta ce, "Malama, allura fa?"

Malama Zuwaira ta sunkuya tana neman takardar da ta faɗi, ta daɗe ba ta same ta ba.

A hanyar dawowa Ashafa ya matso bayana. Ya ce, "Haka Allah ya ƙaddara." Na ba adaidaita wuta don kada in ji sauran.

Oga Lawan ya sabunta maganar abinci. Amma yanzu hannun ya nuna, ko daga bakin zaure za ka gane. Inna ta ce ba zai yiwu mai irin wannan hannu ta taɓa abincin mutane ba, ai sai a yi da su. Ta aika ƙauye aka kawo 'yar ƙanwarta ta karɓi muciya, aka saya mata tsummoki sababbi har uku. Aka ware wa Mas'uda kwanonta da kofinta da butarta, aka ce ta riƙa zama a ɗaki in an yi baƙi. Matar da ta ciyar da mutum saba'in wata takwas ba wanda ya yi ko tari.

To ga yadda cinikin ya tashi, ni da aka yi a cikin motata. Oga Lawan ya samu tuwonsa a kan lokaci. Ashafa ya samu kati, yanzu ta ƙaramar ƙofa yake shiga, ba ya tsayuwa a rana. Inna ta samu ɗa ma'aikacin dindindin, tana faɗa a gidan biki. Ni na samu lodin da ba na nema, da malmala biyu kullum, na sa sababbin tayoyi.

Mas'uda ta ba da hannun dama da rabin ido. Abin da aka ba ta shi ne hutun da Malama Zuwaira ta rubuta mata, bayan ya daina amfani.

Ƙuben yana wurina. Ta miƙo mini shi ranar da aka ware mata kwano, ta ce in ba wanda zai ƙarasa. Na kai wa mata uku, kowacce ta juya shi ta ce ba za ta iya bin wannan hannun ba. Yana nan cikin aljihun adaidaita, rabi ɗinkin shuɗi da ruwan toka, rabi farin yadi, allurar na soke inda ta tsaya.